An ba ni minti 40 a mako in koya wa 'yan mata sha'anin kuɗi, daga ina zan fara?

Malamar Lissafi, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga iyaye da malaman da ke zaune a ƙasar nan.

Ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi ta 'yan ƙasarmu a kudancin Jidda, bana shekarata bakwai a wurin. Ajina 'yan mata ne su 23, daga mai shekara 13 zuwa mai 15. Yawancinsu a nan aka haife su, akwai waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Katsina ba sai a hoton waya.

Wata guda da ya wuce muna kan darasin kaso cikin ɗari. Na ba su tambaya goma, kusan kowacce ta ci takwas ko tara, har na ji daɗi a raina. Da sauran lokaci kafin a kaɗa ƙararrawa, sai na ciro fatura daga jakata, rasit ɗin kantin da na tsaya da safe na sayi madara da ƙwai da burodi da sabulun wanki. Jimla riyal 46. Na ce to, a cikin 46 ɗin nan nawa ne kuɗin kaya, nawa ne haraji? Aji ya yi tsit. Can wata ta ce, "Malama ai mu ba ma biyan haraji, Baba ne yake biya idan zai sabunta iƙama." Iƙama ita ce takardar izinin zama ta baƙo a Saudiyya. Wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta ɗauki biro ta cire kashi 15 daga 46, ta ce shida da ɗigo tara. Ba haka ba ne. Kayan riyal 40 ne, aka ɗora kashi 15 a kai, wato riyal 6, kuma ga shi a rubuce ƙarara a ƙasan takardar. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa duba layin nan. Harajin nan tun Janairun 2018 ya fara da kashi 5, a Yulin 2020 aka mai da shi 15. Wato tun suna firamare suke biyansa duk ranar da aka aike su kanti, ba su sani ba.

Abu na biyu ya fi wannan tsaya mini a rai. Wata yarinya tana ba ƙawayenta labarin sabuwar wayar yayarta, na ji ta ce ai ba bashi ba ne, taksiɗi ne, wato a raba kuɗin a biya sau huɗu. Na tambaye ta, idan mutum ya karɓi kaya ya tafi da su gida bai gama biya ba, mene ne sunan abin da ya rage a kansa? Ta dage a kan cewa tunda ba a ƙara ko halala ba, wato ko kwabo, ba bashi ba ne. Rabin ajin suka goya mata baya.

Ni a Tudun Wadar Zariya na tashi. Asusun ƙasa gare ni, idan na jefa kwabo ina jin ƙararsa, idan na girgiza na san ya yi nauyi ko bai yi ba, sai jajiberin Sallah ake fasa shi a gaban Inna. Yaran nan ba sa ganin kuɗi. Abin da suke gani shi ne an ɗora kati ko waya a kan na'ura, ta yi ƙara, an ɗauki leda an fita. Shabaka, wato biyan kuɗi ta na'urar nan, ba ta nuna wa yaro cewa aljihu ya ragu.

Na je na sami shugabar makaranta, Allah ya saka mata, ta ba ni minti 40 duk ranar Alhamis har mako goma sha biyu. Babu littafi, babu jarrabawa, ni zan tsara.

A nan ne na yi kuskure. Makon farko na ce kowacce ta rubuto abin da aka kashe a gidansu na kwana bakwai. Niyyata su ga inda kuɗi ke bi. Da suka kawo, wata ta rubuta tamis da ful, wato gurasa da wake, abinci mai arha, kwana huɗu a jere, ta kusa da ita ta leƙa ta gani, kafin a tashi magana ta zagaye aji. Washegari yarinyar ba ta zo ba. Uwa ɗaya ta kira ni a waya, uba ɗaya ya zo da kansa ya ce shi bai kawo 'yarsa makaranta don a ƙirga masa tukunya ba. Gaskiyarsu ce. Na ba su haƙuri, na je har gida na ba yarinyar haƙuri, na dakatar da aikin.

Yanzu mako goma sha ɗaya ya rage mini. Da me zan fara? Ta yaya zan koyar da abin da ya shafi rayuwarsu ta gaske ba tare da na tona asirin gidan kowa ba? Sannan maganar kuɗin da ake biya wa kowane ɗa da mata a kan iƙama, in faɗa musu ko in bar ta? Ni a ganina ya kamata su sani, amma bayan abin da ya faru ina tsoron in sake taka wani.

Hajiya Mai Gwal, Makka

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce take rubuta mini, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

Shekarata 31 a garin nan, abaya da turare da gwal nake sayarwa. Ban yi boko ba, amma 'yan matan da suka bi ta hannuna suka koyi sana'a sun fi ajinki yawa. Abin da ke kayar da su guda ɗaya ne, ba sa bambance uwa da riba. Za ki ba yarinya abaya goma ta sayar wa alhazai, ki ce kowacce uwar kuɗinta 60, ta sayar 80. Da yamma ta ga 800 a hannunta, sai ta ɗauka ta yi arziki. Ta sayi takalmi, ta sayi kaza ta kai gida, ta ba ƙawa aron ɗari. Ranar da za a koma saro kaya babu 600. Nata a ciki 200 ne kawai, shi ma sai an cire kuɗin mota da na leda. Ki fara da wannan. Wadda ta gane cewa ba duk kuɗin da ke hannunta ne nata ba, sauran karatun zai zo mata da sauƙi.

Sai gwal. 'Yan matanki nan da shekara kaɗan za a fara maganar aurensu, kuma duk macen Bahaushe a ƙasar nan da gwal take ajiya. Ki koya musu yadda ake sayensa. Da giram ake aunawa, kuma farashin giram yana canzawa kullum. Ɗan karat 21 daban, ɗan karat 18 daban, karat kuwa shi ne ma'aunin tsantsar gwal. Bayan kuɗin gwal ɗin akwai kuɗin ƙira, wanda masu shago ke kira masna'iyya, a kan kowane giram ake ɗora shi. Ranar da kika koma sayarwa, mai shago zai ɗora a sikeli, ya cire nauyin duwatsu, ya biya ki kuɗin gwal tsagwaronsa. Kuɗin ƙira ya tafi. Misali sarƙa mai giram 20, a ce an ɗora miki 25 a kowane giram, riyal 500 ke nan kika bari a shagon tun kafin ki kai bakin titi. Shi ya sa mai son ajiya take sayen wanda ba shi da ado da yawa, mai son kwalliya kuma ta san kwalliya ta saya. Na ga mata da yawa suna kuka a shagon gwal ranar da buƙata ta taso, suna cewa an cuce su. Ba a cuce su ba, ba a gaya musu ba ne tun farko.

Adashi ma ki taɓa shi, wanda Larabawa ke cewa jam'iyya. Mu goma muke yi, ɗari biyar-biyar duk wata. Wadda ta yi ɗaukar farko bashi ta ci na mutum tara, wadda ta yi ta ƙarshe ita ta ba kowa rance. Yara ba su san haka ba, gani suke kuɗi ne ya faɗo. Kuma a rubuta. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni da ba na rubutu ina da littafi, jikokina ke cika mini, kowa ta sa hannu.

Mu nan Makka kasuwarmu azumi ne da aikin Hajji. Idan alhazai suka watse sai gari ya yi sanyi, kuma haya ba ta san alhazai sun tafi ba. Ki karanta musu yadda Annabi Yusufu ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa shekara bakwai. Allah ya yi miki albarka, aikin lada kika ɗauko.

Baban Fadima, Jidda

Malama, sannu da ƙoƙari. A kan tambayarki ta ƙarshe zan yi magana, kuma ki yi haƙuri, ban goyi bayanki ba.

Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin dakon kaya, shekara 14. Lokacin da aka fara kuɗin iyali a Yulin 2017, riyal 100 ne a kan kowane mutum duk wata. Shekara na zagayowa ya koma 200, sannan 300, daga Yulin 2020 ya zama 400. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, kafin a yi maganar haya ko shinkafa. Abokan aikina da yawa a shekarun nan suka mayar da iyalansu gida. Ni ma a 2019 na tura manyan 'ya'yana maza biyu wurin ƙanena a Kano.

Abin da ya sa nake cewa ki bar maganar: wata rana ina lissafin nan da mahaifiyarsu da dare, ashe Fadima ba ta yi barci ba. Shekararta goma sha ɗaya lokacin. Kwana biyu ba ta cin abinci sosai, sai daga baya ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba ni ma a mayar da ni wurin Baffa, kuɗina ya yi yawa." Har yau idan na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Yaro ba ya jin lamba a matsayin lamba, ji yake an sa masa farashi. Wannan magana ta uba ce, shi ya san ranar da zai faɗe ta da yadda zai faɗe ta.

Amma akwai abin da nake roƙon ki koya musu, don ni ba wanda ya koya mini. Baƙo a ƙasar nan ba shi da fansho. Abin da doka ta tanadar wa ma'aikacin kamfani shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Mai ɗaukar 3,000 da ya yi shekara goma, 22,500 zai tashi da shi, kuma idan shi ya ajiye aikin da kansa kafin ya cika goman, ba duka za a ba shi ba. Ki ba su wannan su lissafa, sannan ki tambaye su wata nawa kuɗin zai riƙe gida.

Na biyu, canji. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Naira ba haka take ba. A farkon 2023 na tura riyal 10,000 gida, a kasuwar canji ya ba ni wajen naira miliyan biyu, na bar su a banki da niyyar idan na ƙara zan sayi fili. Shekara guda bayan nan riyal ɗaya ya haura naira 400. Miliyan biyun nan tana nan ba wanda ya taɓa ta, amma ba ta kai riyal 5,000 ba, mai filin kuma ya ninka kuɗinsa. Da a hannuna na bar su a nan, da na fi haka.

Shawarata, ki ƙirƙiro wani gida da babu shi, ki ba shi albashi da haya da 'ya'ya, su yi ta yanka da ɗinki a kansa. Ba wanda zai zo miki makaranta saboda gidan da babu shi.

Ustazu, Gadarif

Salamu alaikum. Ni ba a Saudiyya nake ba, daga Gadarif ta Sudan nake rubutu, amma malami ne kamarki, shekara 19 ina koyarwa. Kakanninmu hanyar Hajji ce ta ajiye su a nan, kamar 'yan uwanmu na Mai Wurno da Kassala.

Malama, ki kiyayi abu ɗaya: kada darasinki ya tsaya a kan "ku yi tanadi". Mu nan mun ga iyakar wannan magana. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauya farashin dala a hukumance daga jine 55 zuwa 375 a rana ɗaya. Jine shi ne fam ɗinmu na Sudan. A shekarar nan hauhawar farashi ta wuce kashi 300. Dattawan da suka yi shekaru suna tara takarda a akwati, abin da suka tara na sayen saniya ya koma na sayen akuya. Wanda ya tsira shi ne mai buhunan dawa a matmura, ramin ajiyar hatsi da muke haƙawa a ƙasa, da mai tumaki, da matar da ke da awarwaron gwal. Ashe tambayar ba ta "nawa za ki ajiye" kaɗai ba ce, har da "a cikin me za ki ajiye". Abin da ya sami Baban Fadima da nairarsa ke nan. 'Yan matanki ƙafarsu ɗaya a riyal, ɗaya a naira ko sefa, dole su san wannan.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sai karatun ya ƙara zurfi. Mutane suka gudo daga Khartum da kuɗinsu a banki, babu takarda a hannu. Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, shi ya riƙe gidaje da yawa, amma idan takardar kuɗi kake so, sai ka yarda a zaftare maka wani abu a kasuwa. Bayan Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, makarantunmu suka cika da 'yan gudun hijira, azuzuwa suka koma ɗakunan kwana. A lokacin na ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana ciniki da mai canji kamar dattijo, yana lissafa kashi nawa za a cire. Wahala ce ta koya masa. Shi ya sa, da girmamawa ga Baban Fadima, ni ina ganin gara yaro ya ji gaskiya a bakin malami cikin natsuwa da ya tsince ta a bayan ƙofa da dare. Fadima ba lambar ce ta yi mata ciwo ba, jin ta da ta yi a ɓoye ne, babu mai yi mata bayani.

Game da taksiɗin da ɗalibarki ta ce ba bashi ba ne, mu muna da irinsa tun kafin a yi waya. Shel muke ce masa. Manomi ya shiga damina babu kuɗin noma, sai ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi, a kan idan kaka ta yi zai biya da buhunan riɗi ko dawa, a farashin da aka yanke tun lokacin da yake cikin matsi. Ba wanda ke kiransa bashi, cewa ake an taimaka masa. Ranar girbi sai ka ga mutum ya yi noma shekara guda, hatsin daga gona ya wuce siton ɗan kasuwa.

Ga dabarar da nake yi wadda ba ta taɓa jawo mini rigima da iyaye ba. Littafin farashi. Kowane ɗalibi ya zaɓi kaya biyar, sukari, mai, albasa, burodi, sabulu. Duk mako ya rubuta farashinsu a shago biyu. Ba abin da gidansu ya saya ba, abin da ke rubuce a kanti. Farashi na kasuwa ne, ba sirrin kowa ba ne. Bayan wata biyu sai mu zana shi a allo. Daga nan kaso cikin ɗari, da kwatanta babban gwangwani da ƙarami, da hauhawar farashi, duk za su fito da kansu.

Ɗalibi, Madina

Ina wuni Anti. Ni shekarata 19, a nan aka haife ni, makarantar gwamnati na yi. A ajin farko na sanawiyya, wato babbar sakandare, mun yi darasi mai suna Ma'arifa Maliyya, wato ilimin kuɗi, akwai littafinsa, akwai jarrabawa. Na haddace ma'anar kasafi da tanadi da zuba jari, na ci da maki mai kyau.

Ina cika 18 na buɗe manhajojin taksiɗi na biya sau huɗu a wayata. Takalmi, 90 a wata. Abin sauraro na kunne, 75. Agogo, 120. Sai waya, 400. Kowanne idan ka kalle shi shi kaɗai ƙarami ne, kuma gaskiya ne ba a ƙara mini komai ba. Amma ban taɓa haɗa su a takarda ɗaya ba. Wata na biyu na tarar 685 za a cire, alhali duk abin da ke shigo mini a wata 800 ne. Yayana ne ya biya mini sau biyu, na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Shi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin SIMAH, inda ake ajiye tarihin bashin mutum, cewa wasa da ƙaramin bashi yau yana iya hana ka babba ranar da kake da buƙata ta gaske.

Don haka Anti, kada ki ba su haddar ma'anoni. Ki ba su tallace-tallace huɗu a lokaci ɗaya ki ce su haɗa.

Sannan don Allah ki yi musu darasi guda a kan saƙonnin 'yan damfara. 'Yan mata irin na ajinki su ke riƙe wayoyin iyayensu mata, su ke karanta musu Larabcin. Saƙo zai shigo ko a kira, a ce daga banki ne, za a rufe kati idan ba a sabunta bayanai ba, a turo lambar sirrin da ta shigo yanzu. Banki ba ya neman wannan lambar a waya. Maƙwabciyarmu 'yarta ce ta karanta musu lambar, da niyyar taimakon uwarta.

Umman Huzaifa, Ɗa'if

Malama, ni Islamiyya nake koyarwa. Kada ki ce zakka da riba sai malamin addini, ki haɗa kai da shi ku yi tare, don lissafi ne zalla. Nisabin zinare misƙali 20 ne, wato giram 85, abin fitarwa ɗaya cikin arba'in, kashi biyu da rabi cikin ɗari, idan shekara ta zagayo. Su duba farashin giram na ranar su fitar da nisabi da kansu. Idan wani uba ya ce kina cusa wa yara son duniya, ki nuna masa aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka ce a jarraba marayu, sai an ga shiriya a tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Ba a jarraba mutum a kan abin da ba a koya masa ba.

Malamar Lissafi, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne don ina so in gwada kafin in dawo. Alhamis biyu ke nan.

Ustazu, littafin farashi ya karɓu fiye da yadda na zata. Wata ta gano cewa ƙaramin galan na mai, idan aka lissafa da lita, ya fi babba tsada, ta je ta faɗa wa mahaifiyarta, uwar ta aiko mini da gaisuwa. Yarinyar da na ba labarinta a farko ta dawo aji, kuma ita ta fi kowa cika littafinta, don ita ake aika baƙala, wato kantin unguwa, kullum, ta san farashin komai da ka. Ranar nan ita ke gyara wa sauran.

Baban Fadima, na ɗauki shawararka ta gidan da babu shi. Mun sa masa albashi 5,000, mata ɗaya, 'ya'ya uku. Haya 1,300, abinci 1,200, wuta da ruwa da waya 350. A kan kuɗin iƙama na daɗe ina juya maganarka da ta Ustazu. Abin da na yi shi ne na rubuta layi ɗaya, "takardun zama na iyali, 1,600", ban raba shi a kan kawuna ba. Na kuma aika wa iyaye takarda tun kafin ranar, na gaya musu abin da zan rubuta a allo, ba wanda ya hana. Ban iya cire shi gaba ɗaya ba, Baba, don idan na cire, gidan ya zama na ƙarya, kuma yaran za su ci gaba da ganin kamar rowa ce ke sa a ce musu babu.

Da suka haɗa, 550 ya rage. A ciki ake so a fitar da kuɗin makaranta, da mota, da magani, da abin da ake aika wa kaka a gida. Na raba su rukuni biyar. Minti ashirin suna gardama, har da masu tashi tsaye. Rukuni ɗaya suka rage abinci, ɗaya suka ce a koma gida mai ɗaki biyu, ɗaya suka ce matar gidan ta fara yin alkaki da dubulan tana sayarwa, sai wata ta tuna musu cewa sai an ware uwar kuɗin fulawa da sukari tukuna. Babu rukuni ko ɗaya da ya yarda a taɓa kuɗin kaka. Da aka tashi, wata ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya fita, ta ce, "Malama, dama haka Baba yake yi kowane wata?" Na ce mata ta je ta tambaye shi da kanta, a lokacin da ya huta.

Ƙanena na Madina, mako mai zuwa naka ne. Na yanko tallace-tallace huɗu, zan ba su su haɗa, saƙon 'yan damfara kuma na sa shi a mako na bakwai. Umman Huzaifa, na yi magana da malamar Islamiyyarmu, ta yarda mu haɗa aji a mako na tara.

Hajiya, ranki ya daɗe, roƙo gare ni. Darasin gwal na sa shi a mako na takwas, kuma ni ban san shi kamar yadda kika san shi ba. Idan akwai ranar Alhamis da za ki shigo Jidda saro kaya, zan zo da kaina in ɗauke ki, mu tsaya minti arba'in kawai. Idan da hali ki taho da ƙaramin sikelinki da tsohuwar fatura ɗaya wadda aka rubuta kuɗin ƙira a jiki. Ki sa jikarki ta turo mini saƙo ta akwatin sirri mu tsayar da rana.